Kokawar da Ba Wanda Ya Faɗi

Ku samarin da kuke cika min shago a Gwarzo da laftop a rataye, ina jin abin da kuke faɗa in na juya baya. Wai makiro ai ba karatu ba ne, layi ɗaya ne, Sanusi ne kawai yake jan zance don a ce ya iya. Na yarda, layi ɗaya ne. Amma ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido, ni kuwa na ga idon da ya tsone. Saboda haka ku ajiye wayoyin nan ku ba ni hankalinku.

Abin ba shi da wuyar faɗa. In kana rubuta gem, wato wasan waya, akwai abubuwan da za ka yi ta maimaitawa, kamar saurin gudun mutum, ko tsayin tsallensa, ko launin rigarsa. Maimakon ka bi kowane lungu kana rubuta lambar, sai ka hau can saman rubutun ka raɗa mata suna, ka ce duk inda aka ga GUDU, to lamba kaza ake nufi. Wannan sunan shi ne makiro. Kafin kwamfuta ta dunƙule rubutunka ya zama gem ɗin da za a tura a waya, akwai wani ɗan aike a cikinta da yake fara bin layi-layi, duk inda ya ga sunan ya cire shi ya dasa abin da ka ce. Ba ya tambaya, ba ya cewa anya kuwa. In ya gama, sunan ya ɓace ke nan. Mai riƙe da waya ba zai taɓa ganinsa ba, kai ma da ka rubuta in aka kwana biyu sai ka manta yana nan.

Wanda ya koya min shi ne Malam Bitrus, mutumin kudancin Kaduna da koyarwa ta kawo shi wata sakandare a nan, ya zauna har 'ya'yansa suka fi ni iya Kananci. Lokacin ni tura waƙoƙi da gem nake yi a bakin tasha. Ban san wani ne yake zama ya rubuta gem ba, na ɗauka haka yake zuwa a cikin waya kamar ƙwallo a cikin mangwaro. Ranar da na ga yana rubutu a baƙin allon kwamfuta, ya danna wani abu, ɗan mutum ya tashi yana tafiya, ban koma tasha ba sai da yunwa ta kore ni. Kayan aikinsa ba irin naku ba ne. Tsohuwar laftop ce da batirinta ya daɗe da mutuwa, an ɗaure bakin cajarta da roba, ana ba ta wuta daga batirin mota. Maɓallin da ake fara makiro da shi, alamar nan mai kama da gidan dara, ya daina aiki tun kafin na zo. Sai dai ka je wani tsohon rubutu ka kwafo ta ka liƙa. Malam yana cewa gara haka, ko ba komai mutum zai yi tunani kafin ya rubuta makiro.

Amma da za ka je Kabo ka tambayi wane ne Malam Bitrus, ba wanda zai ambaci kwamfuta. Alƙalin kokawa za su ce maka. Duk kaka in an kai amfani gida, samarin Gude da na Gammo, ƙauyuka biyu na ƙasar Kabo, suna haɗuwa su gwada ƙashi, kuma an daɗe ana shan rigima a kan alƙali, domin duk wanda aka ɗauko sai a tarar yana da kawu a nan ko suruki a can. Shi kuwa ba shi da gona a Gude, bai haɗa jini da kowa a Gammo ba, ga shi ya yi kokawa a garinsu yana saurayi, ya san kaye in ya gan shi. In ya ɗaga hannun mutum, magana ta ƙare. Ya fi ji da wannan amanar fiye da duk takardunsa na makaranta. Baƙon da gari biyu suka yarda da bakinsa, ai ba ƙaramin abu ba ne, kuma shi ma ya sani.

Aikin farko da ya ba ni ɗan gem ne na akuya mai tsallake shingen gona. Na rubuta makiro mai ninka tsalle, duk abin da aka ba shi ya ninka biyu, amma ban kewaye abin da baka ba, wato alamomin nan biyu masu lanƙwasa da ake rufe lissafi da su. In aka ba shi uku sai ya ba da shida, lafiya lau. Da aka ba shi uku a haɗa da ɗaya, maimakon takwas sai ga biyar, domin ɗan aiken ya dasa rubutun yadda ya same shi, ɗayan kaɗai aka ninka. Akuyata ta yi ta sheƙowa a guje tana gwara kai da shinge. Malam ya tsaya a bayana ya harɗe hannu, sai da ya ƙoshi da kallo.

"Sanusi, akuyar nan azumi take yi ne?"

"Malam, lissafin daidai yake, na duba."

"Lissafinka daidai ne. Makiro ne ba ya lissafi, kwafa kawai ya iya. Sa masa baka ciki da waje, ka ga ko ba za ta tashi ba."

Na sa, ta tashi. Har yau in na ga ɗayanku ya rubuta makiro tsirara babu baka, akuyar nan nake tunawa.

Daɗin abin kuwa na gane shi ne a aikin wata Malama mai Islamiyya a Kutama. Muna da gem na koyon haruffa da muka yi wa wata firamare, da kiɗa da tafi in yaro ya canka daidai. Malama ta gani a wayar ƙanwarta, ta zo ta ce tana so, amma ban da kiɗa, kuma haruffan su zama na Larabci. Ni har na fara jin ciwon baya, na ɗauka sabon gem za mu zauna mu rubuta. Malam ya bi duk inda kiɗa yake ya kewaye shi da sharaɗi, cewa in an ambaci ISLAMIYYA a sama, a tsallake wannan, a ɗauki wancan. Rubutu ɗaya, gem biyu. Ka sa layin a sama, na Malama ya fito. Ka cire, na firamare ya fito. Da ta dawo ta tarar an gama, sai ta riƙe haɓa ta ce, "Malam, ko da ma ka san zan zo ne?"

Wannan dabarar ce ta ba mu ƙarfin halin yin gem ɗin kokawa. Ni na zana 'yan kokawar, ɗaya na Gude, ɗaya na Gammo, kowa da launin walkinsa da kirarinsa. Muka yi makiro mai suna DAN_GIDA. Kun san yadda kalmar maigida take: a gidanku mutum ɗaya ake nufi, ka tsallaka katanga kuma wani ne daban. To haka. In za mu haɗa na Gude, sai mu rubuta a sama cewa ɗan gida na Gude ne, shi zai fara fitowa, shi za a yi wa kirari. In na Gammo ne, mu canza layin. Akwai kuma na nan Gwarzo, wanda ba ruwansa da kowa, babu ɗan gida a cikinsa. Gem ya karɓu. Masu cajin waya na ƙauyukan su ne dillalanmu, su suke tura wa samari.

Wata rana da hantsi sai ga Ɗanlami mai caji daga Gude. Aka gaisa, ya iyali, ya makaranta, ya aka ji da zafi, ya gajiyar shekaranjiya, har na ɗauka gaisuwar ce ta kawo shi. Can ya jawo benci ya rage murya.

"Malam, gem ya yi, ba ƙarya. Amma yaranmu suna kuka. Mutum ya dage ya dage, sai na Gammo ya sunkuci namu ya maka da ƙasa. A cikin wayarka fa, a cikin garinku, ƙannenka suna kallo. A ɗan ƙara wa namu ƙwari mana. Wa zai sani?"

Malam ya ce sam, ba a haka. Ɗanlami ya tafi yana cewa a dai duba. Ba a yi mako ba sai ga Ado mai caji daga Gammo, shi ma ya jawo bencin nan, ya rage murya, ya kawo maganar kamar tare suka haddace ta. Bayan ya fita Malam ya yi dariya har da hawaye, ya ce lallai kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Sai kuma ya sake shawara. Ya ce ai kowa shi da wayarsa yake kokawa, ba da mutum ba. In ɗan Gude ya ji daɗi a Gude, ɗan Gammo ya ji daɗi a Gammo, wa aka cuta? Ni ma ban ga wanda aka cuta ba. Ya kwafo alamar darar nan ya liƙa, ya rubuta layi ɗaya, cewa duk wanda yake ɗan gida a ƙara masa ɗan ƙarfi. Kaɗan ne ƙwarai, ba ya nunawa sai an ƙulle an rasa mai kayar da wani. Ɗanlami ya yi godiya, Ado ya yi godiya, kowa yana ganin shi kaɗai aka yi wa alfarma.

Aka ci damina aka ci rani, muka yi wasu ayyukan, layin nan yana can sama ba wanda yake ko kallonsa. Sai samari suka fara cewa sun gaji da kokawa da waya, suna so a haɗa waya biyu ta bulutut, mutum da mutum. Na zauna na yi. Saboda wayoyin ƙauye ba su da ƙarfi, ban sa su riƙa aika wa juna hoto ba. Kowace waya abin da mai ita ya danna kawai take aikawa, sannan kowacce ta yi lissafin kokawar da kanta. Tunda lissafi ɗaya ne, dole amsa ta zo ɗaya. Muka gwada a shago da wayata da ta Malam, komai ya tafi sumul. Duka biyun gem ɗin Gwarzo ne a cikinsu, wanda babu ɗan gida.

Abin ya fashe ne ranar kasuwar Kabo, a rumfar mai shayi. Wani saurayin Gude da wani na Gammo suka haɗa waya, kowa da mutanensa a bayansa suna leƙe. Aka kama, aka ƙulle, aka yi ta turereniya. Kwatsam sai su biyun suka miƙe a lokaci ɗaya suna ihu, kowa ya ɗaga wayarsa sama, magoya bayan kowa suna tsalle. Sai da ihun ya lafa aka fara kallon juna.

"Kai murnar me kake yi? Ga naka nan a ƙasa!"

"Nawa? Buɗe idonka dai, ga naka nan ƙafa a sama!"

Aka jera wayoyin a kan teburin mai shayi. A ta Gude, na Gammo ne kwance. A ta Gammo, na Gude ne kwance. Aka sake, haka. Aka kawo wasu wayoyin, haka. Wani ya ce an yi wa wayar Gammo asiri, wani ya ce ai mutanen Gude ko a waya ba sa yarda sun faɗi. Tun ana dariya har aka fara tono kokawar shekarun baya, wane ya taɗe wane, kakan wane ya gudu daga fage. Mai shayi ya kwashe kofunansa. Can wani dattijo da bai taɓa buga gem ba ya yi tambayar da ta fi duk ihun nauyi, ya ce shin wane ne ma ya ƙera abin nan? Allura ta tono garma.

Da labarin ya iso shago, ni na fara laluben laifin bulutut. Malam ko laftop bai buɗe ba. Ya zauna a bencin nan, ya ce, "Ɗan gida ne, Sanusi." Sai a lokacin na tuna. Kowace waya ta ƙara wa ɗan gidanta ƙarfi, kowacce kuma gaskiyarta ta faɗa. Na tsorata, domin na ga fuskarsa, kuma na san ba gem ɗin yake tunani ba.

Dattawan da suke shirya kokawar kaka suka aiko a kira shi. A ƙofar gidan Baba Sale aka zauna, tsohon ɗan kokawa ne da garuruwan biyu suke jin maganarsa. Na ɗauko laftop da batirin mota a bayan babur. Malam ya buɗe rubutun, ya nuna musu layin da yatsa, ya yi bayani tiryan-tiryan ba tare da ya ɓoye komai ba. Baba Sale ya saurara har ƙarshe, bai kalli allon ba ko sau ɗaya.

"Wato Malam, ka ce wa Gude su suka fi, ka ce wa Gammo su suka fi."

"A cikin waya ne, Baba. Wasan yara ne."

"Na ji. Da hannun da kake ɗaga hannun yaranmu ka rubuta, ko da wani?"

Malam ya ce da shi ne. Ɗanlami da Ado suna zaune a wurin, ɗaya a wannan gefe ɗaya a wancan, kowa ya samu wata tururuwa a ƙasa ya ƙura mata ido. Raina ya ɓaci. Na buɗe baki zan ce ai ga waɗanda suka roƙa nan, sai na ji takalmin Malam a kan ɗan yatsana, ya danne sosai. A hanya na tambaye shi dalili, ya ce, "Ni in abin ya yi zafi ina da garin komawa. Su fa, ina za su?"

A gaban dattawan ya goge layin, ya haɗa sabon gem, aka tura wa kowa. Ku ji halin ɗan Adam: da aka daidaita ƙarfin, sai samarin suka daina bugawa, wai gem ɗin ya lalace, yanzu mutum sai ya faɗi. Waccan shekarar ita ce baƙar shekararmu. Makarantun da suke kawo aiki suka ɗauke ƙafa. Na koma bakin tasha ina tura waƙoƙi, ni da na fara jin kaina injiniya. A kasuwa in mai awo ya tauye mudu sai a ce masa, kai, ban da ɗan gida. Ba wanda ya zagi Malam, ko ɗaya. Gaisuwa ma ƙaruwa ta yi, a tsaya a tambaye shi har kajin gida, kuma duk wanda ya zauna da mutanenmu ya san abin da doguwar gaisuwa irin wannan take nufi. Da kaka ta matso, dattawa biyu suka zo har gida, suka ce sun ga yana shan wahala duk shekara, bana ya huta.

Shi ya sa kuke ganin ina takura muku. Launin walki, kirari, kiɗa ko babu kiɗa, ku sa a makiro, kowane gari ya samu irin nasa. Amma duk abin da waya biyu za su yi shari'a a kansa, dole ya zama ɗaya a ko'ina. Kuma duk gem ɗin da ya fita daga shagon nan sai ya rubuta a fuskarsa wane iri ne, wayoyin kuma su tambayi juna kafin a kama, in ba iri ɗaya ba ne su ƙi haɗuwa. Kuna cewa aikin banza ne, yana cin lokaci. Ku ci gaba da cewa, amma ku yi.

Ranar kokawar na ɗauka ba zai je ba, sai ga shi ya ce in kai shi. Muka zauna cikin 'yan kallo a kan tabarma, wurin da bai taɓa zama ba. Alƙalin da aka ɗauko daga wani gari mai nisa ya yi ƙoƙari, ba laifi, har aka zo karon ƙarshe tsakanin manyan biyu. Suka ƙulle, suka juya, suka tafi ƙasa tare, alƙalin kuwa yana ta bayansu, bai ga komai ba. Ganga ta tsaya. Wallahi ban taɓa ganin irin wannan ba: fili guda, Gude da Gammo, yaro da babba, duk suka juyo suka kalli inda Malam yake zaune, har da Baba Sale. Sabo ne ya juyo da wuyansu. Malam ya cire hularsa ya zuba mata ido kamar an rubuta wani abu a ciki. Ɗaya bayan ɗaya suka kawar da kai. Aka yi ta musu har rana ta yi sanyi, aka tashi ba a ɗaga hannun kowa ba.

Muna kan babur mun kusa Gwarzo na kasa haƙuri.

"Malam, ka gani?"

"Na gani."

"Wa ya fara taɓa ƙasa?"

"Na Gude ne, da gwiwar hagu. Ko makaho ya gani daga inda muke."

"To me ya hana ka faɗa? Ai kai suke kallo."

Sai na ji ya gyara zama a bayana.

"Da can in na faɗa, wanda ya faɗi ma yarda yake yi. Yau ko na rantse, rabin fili ne zai yarda, kuma rabin da na ba gaskiya ne."